Ƙararrawar Ruwa ta Ambursa

Shekara biyu bayan samun 'yancin kai, ofishin auna ruwa na Birnin Kebbi yana da ma'aikata biyu da suka san lantarki, kuma da wuya rana ta faɗi ba su yi musu ba. Ɗaya shi ne Atiku, ɗan garin, mai saurin hannu da saurin fushi, wanda in aka kawo masa rediyon da ya mutu da hantsi, kafin azahar yana magana. Ɗayan kuwa Silvanus ne, mutumin ƙasar Jos, dogo mai sanyin murya, wanda ko kujera zai zauna sai ya girgiza ta ya ga ko ƙafarta lafiya. Tare suka yi makarantar koyon sana'a a Kaduna, tare aka turo su, aka ba su ɗaki ɗaya a bayan ofis a unguwar Nasarawa, mai dogon tebur da baƙin allo da kaskon gawayin da suke gasa ƙarfen liƙa waya da darma a ciki.

Wata rana cikin bazara shugabansu Malam Dikko, wanda ya gaji kujerar Baturen da ya koma gida, ya kira su. Ya ce kowace damina ruwan gulbi yana shigowa fadama ba sallama, kafin manoma su toshe bakin madatsunsu ya riga ya shanye shinkafa tun tana ƙarama. Yana son su ƙera akwatin da zai buga ƙararrawa a cikin gari da zarar gulbi ya kai wani matsayi. Guda biyu zai fara gani, ɗaya na Ambursa, ɗaya na manoman Argungu.

"Yanzu ƙasa a hannunmu take," in ji shi. "Ina son mutane su ga abin da 'ya'yansu suka yi da hannunsu."

Atiku bai tsaya wata-wata ba. Dabarar ba ta da wuya. Sanduna biyu na tagulla a jikin turke a bakin gulbi, in ruwa ya taɓa su duka biyu sai 'yar wuta kaɗan ta ratsa ta cikinsa, ta bi waya zuwa akwati. A cikin akwatin akwai tiranzista, wani ɗan abu mai ƙafa uku da ke ƙara wa wutar ƙarfi har ta ja makunni, ƙararrawa ta kama bugu. Kafin mako ya zagayo ya gama. Ya tsoma sandunan a bokiti, ƙararrawa ta ɗauka har masinja ya leƙo ta taga. Ya cire, ta yi shiru. Ya sake tsomawa, ta sake ɗauka. Sai ya juya ya dubi Silvanus yana jiran yabo.

Silvanus ya ce, "Ta yi aiki yau. A kan wannan tebur."

"To ina kake so ta yi? Bisa rufin ɗaki?"

Silvanus ya ɗauki wata 'yar rezista daga kwali, abu kamar ƙwayar wake mai zobba masu launi, wadda aikinta rage gudun wuta. Ya ɗaga ta saitin haske.

"Dubi zoben ƙarshe, na azurfa ne. Masu yin ta ba su yi alkawarin abin da suka rubuta ba. Tana iya ɗara shi da kashi goma cikin ɗari, tana iya gaza shi da kashi goma."

"Na sani. Benci guda munka zauna ranar da aka koya muna."

"Tiranzista kuma, ka ɗauko biyu daga kwali ɗaya, wata ta ninka wata ƙarfi. In ta ji zafi tana yoyon wuta ko ba a taɓa ta ba. Batir sabo daban ne, wanda ya sha aiki daban. Abin da nake tambaya, ranar da dukkansu suka karkata gefe ɗaya fa?"

"Wato su yi taro su haɗa baki a kanmu?"

"Ba sai sun yi taro ba. Ya faru sau ɗaya ya isa."

Nan ya tashi ya raba allo biyu da alli. Gefen dama ya rubuta ranar ƙarya: rana ta take, batir sabo, tiranzista mai ƙarfi, rezista ta ɗara adadinta, sai ƙararrawa ta buga alhali babu ruwa. Gefen hagu ya rubuta ranar shiru: sanyin safiya, batir ya gaji, tiranzista raggo, sai ruwa ya zo ƙararrawa ba ta ce uffan ba. Ya ce wannan shi ne lissafin mafi munin hali, kuma akwatin ba zai bar ɗakin ba sai ya ga ya tsira a gefen biyu.

Atiku ya ɗauka abin na kwana biyu ne. Ina! Hadari ya fara haɗuwa a gabas, an yi ruwan farko, manoma sun shiga fadama, Silvanus yana gaban allo da rular lissafinsa mai zamewa yana ja yana mayarwa. Ya goge, ya sake rubutawa. In Atiku ya ce, "Mun gama?" sai ya ce saura kaɗan, ya tuna bai sa tsawon waya a lissafi ba. In ya sa tsawon waya, sai ya tuna ruwan sama bai kai ruwan rijiya ɗaukar wuta ba. Kowace amsa tana haifar masa da sabuwar tambaya. Atiku ya zauna ya tashi, ya share teburin da ba ya buƙatar shara, ya gyara agogon masinja da fitilar direba don dai hannunsa ya sami abin yi.

Ranar da abin ya kai masa wuya, ya je gidan Silvanus ne da yamma don ya karɓi akwati na biyu da aka ce an tafi da shi gida. Ya tarar da matarsa Priscilla tsaye a bakin madafa, hannu a ƙugu.

"Malam Atiku, gara da ka zo. Shigo ka ga abokinka."

Silvanus yana tsugune gaban murhu. Ya cika babbar tukunyar tuwo da yashi, ya ɗora a wuta, ya binne akwatin a ciki da ma'aunin zafi a tsaye kamar muciya.

"Tun la'asar nake jira in ɗora abinci," in ji Priscilla. "Jiya kuma a randa ya tsoma shi cikin gwangwani, wai yana neman sanyi. Ni na auri ma'aikacin gwamnati ne ko mai toya yashi?"

"Uwargida, ki yi haƙuri," in ji Atiku. "Ni ma abin da nika sha ke nan a ofis."

Silvanus bai ko ɗago ba. Ya ce, "Tiranzistar tana fara yoyo tun kafin inda na zata. Ka ba ni mako guda."

Atiku bai ba shi ba. Washegari Malam Dikko ya tare shi a baranda yana tambayar inda aka kwana, shi kuma ya gaji da ƙirƙiro uzuri a kan abin da yake ganin ya gamu tuntuni. Ya ɗauki akwati na farko, ya ɗaure a bayan babur ɗin ofis, ya nufi Ambursa shi kaɗai.

Wanda ya karɓe shi a can shi ne Kalilu, dattijon da manoman fadamar suke jin maganarsa. Aka kafa turke a bakin gulbi, aka ja waya a kan sanduna har cikin gari, aka rataye akwati da ƙararrawa a jikin wani ginshiƙi kusa da masallaci. Atiku ya sa aka ɗebo ruwa a ƙwarya aka kai wa sandunan, ƙararrawa ta buga, mata suka yi guɗa daga cikin gidaje. Kalilu ya riƙe hannunsa ya daɗe yana sa masa albarka. Atiku ya dawo Birni yana jin kansa a sama, ya shiga ɗakin aiki ya ce wa Silvanus, "An kafa. Tana aiki." Silvanus ya dube shi, ya koma ga allonsa.

Ba a daɗe ba, wata rana da hantsi, suka ji jaki yana kuka a ƙofar ofis. Kalilu ne ya shigo da buhu a kafaɗa, bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya zazzage shi a kan tebur. Akwati ne da ƙararrawa, da guntun wayar da aka datse da lauje.

"Ga kayanku nan. Mi munka yi muku?"

"Baba, lafiya? Mi ya faru?"

"Wanga abu maƙaryaci na! Rana tsaka, mutane na hutawa, sai shi kama kuwwa. Munka kwashi hauyu da kwanduna munka sheƙa fadama, tsoho da yaro, har da mai ɗingishi. Munka iske gulbi na kwance abinai, ko gaɓa bai kai ba. Wanshekare ya sake. Shekaranjiya liman na tsaka da huɗuba ya ɗauka, rabin sahu sunka miƙe. Ɗana, mu da ka gani muna da aikin yi."

Atiku ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, kunyar kuma ta juye ta zama haushi. Ya tsaya yana jiran Silvanus ya ce ai na faɗa. Ya ma shirya amsar da zai ba shi. Amma Silvanus ya jawo wa dattijon kujera, ya girgiza ta, ya ce ya zauna, sannan ya tambaye shi a hankali inda akwatin yake rataye.

"Inda abokinka ya sa shi. Sai dai mun mutunta shi. Munka ga abu na gwamnati, bai kamata ruwa shi buge shi ba, munka yi mai ɗaki na kwano, ruf, ko iska ba ta shiga."

Silvanus ya dafe kai. Ya koma gaban allo ya tsaya kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Laifina ne," in ji shi. "Zafin inuwa na lissafa, na ƙara masa kaɗan. Ban taɓa kawo ɗakin kwano a raina ba. Mafi munin halin nawa bai kai muni ba. Dole in sake daga farko."

Ya ɗauki tsumma zai goge allon duka. A nan ne Atiku ya fashe.

"Wallahi in ka goge allon nan sai na jefa shi rijiya! Daga farko? Ruwa na bisa hanya, kai kana zancen farko! Abu guda na, rezistar nan ta yi girma. In sa ƙarama, yoyon ya zube ƙasa, magana ta ƙare."

"In ka sa ƙarama ka gyara ranar ƙarya," in ji Silvanus. "Ka kuma jawo ranar shiru. Wutar da ke zuwa daga gulbi ita ma za ta zube ƙasa tare da yoyon. Ruwa ya zo, ƙararrawa na barci. Wanne ya fi?"

Tambayar ta ƙara ƙona wa Atiku rai. Kalilu ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce shi dai jakinsa na rana, ya yi sallama ya fita.

Da ɗakin ya yi tsit, Atiku ya fizge tsumman daga hannun abokinsa ya ɗauki alli, ba don ya yarda ba, sai don ya nuna masa abin ba ya cin wata guda. Ya fara da gefen dama. Ya ɗauki kowane abu a mafi munin halinsa, ya sa zafin da zai iya gasa ƙwai, ya nemo rezistar da za ta riƙe ƙararrawa shiru. Ya dawo gefen hagu da ita, lissafi ya ƙi. Ya ɗan ƙara ta, hagu ya yarda, dama ya ƙi. Ya yi tsaki ya fi a ƙirga. Babu adadin da ya gamsar da gefen biyu. Ya jefar da alli ya fita ya sha ruwa, ya dawo ya tsaya yana hararar sandunan tagullar da ke jingine a lungu.

"Sandunan nan sirara ne," in ji shi a ƙufule. "Shi ya sa wutar da ka ratsa ruwa ba ta da yawa. In munka sa faranti masu faɗi, munka matso da su kusa da juna fa?"

Silvanus ya ja rularsa, ya mayar, ya sake ja. Fuskarsa ta ɗan saki.

"Zai ninka ta. Da ƙaramar rezista, gefen biyu sun tsira. Har da ɗan sarari."

"To alhamdu lillahi. Kawo darma."

"Sai dai in laka ta cike tsakanin farantan..."

"Silvanus!"

Duk da haka sai da aka ƙara kwanaki. Maƙerin da zai buga farantan ya tafi biki ƙauye. Da aka samu, Silvanus ya ƙi yarda a fita sai an auna kowace rezista da kowace tiranzista, an kuma sake binne akwatunan biyu a yashi mai zafi, wannan karon a kaskon ofis, domin Priscilla ta ce tukunyarta ba ta ƙara aikin gwamnati. Atiku yana aunawa yana ƙunƙuni. An yi ruwa mai ƙarfi a kwanakin, direbobin da ke zuwa daga Sakkwato suna cewa gulbi ya cika a can sama.

Suka fara da Ambursa domin wanke fuska. Sai da Atiku ya yi ta ba Kalilu haƙuri kafin ya yarda a sake ratayewa. Aka rushe ɗakin kwano aka yi rumfar ciyawa mai shan iska. Mutane suna wucewa suna kallon akwatin a kaikaice, ba guɗa wannan karon.

Washegari suka ɗaure akwati na biyu suka kama hanyar Argungu, Atiku yana tuƙi, Silvanus a baya ya rungume kaya. Hanyar ta jiƙe, sau da yawa sai sun sauka sun tura. Suka isa da rana tsaka, tufafinsu sun zama kalar hanya. Aka nuna musu inda za su sami Tamba, shugaban manoman da aka yi wa alkawarin ƙararrawa tun bazara. Ba su sha wuyar ganinsa ba. Yana tsaye a inda gonarsa take a da, ruwa ya kai masa gwiwa, ga mutanensa a cikin kwalekwale suna tsamo abin da ya tsamu. Wurin da aka ware don kafa turken ma ba a ganinsa.

Tamba ya tako zuwa tudu a hankali, ya amsa gaisuwarsu, ya dubi akwatin da ke hannun Silvanus.

"Mi kunka kawo muna?"

Silvanus ne ya amsa, da gaskiyarsa kamar kullum.

"Baba, ƙararrawar da za ta sanar da ku in ruwa ya zo."

Tamba ya juya ya dubi fadama, ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Ya juyo.

"To, madalla. Ya zo shekaranjiya."

Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce su sha ruwa kafin su koma, ya sake shiga gonarsa. Atiku ya gwammace da zaginsu ya yi.

A gindin wata tsamiya, nesa da kunnen mutane, ya sauke wa Silvanus duk abin da ya tara tun bazara. Ya ce ga amfanin allonsa nan ya gani. Ya ce akwatin da ya fi kowane kyau a Jihar Arewa yana hannunsu, shinkafar mutane kuma tana ƙarƙashin ruwa. Silvanus ya saurara har ya gama, yana kallon ƙasa.

"Da ka kawo musu irin na farko," in ji shi, "da sun datse wayar kamar mutanen Ambursa, ruwan ya zo ya same su haka nan." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma gaskiyarka. Makara ma mummunan hali ce, ban sa ta a lissafi ba. Kuma Argungu ce a sama, ita ya kamata mu fara yi."

Wannan ta ƙarshen ita ta fi yi wa Atiku zafi, domin shi ne ya dage a fara da Ambursa saboda kunyar da ya sha. Ya buga babur da ƙarfin da ya kusa karya abin bugawa. Suka kama hanyar Birni.

Ruwan da ya ci Argungu ya gangaro Ambursa bayan 'yan kwanaki, da sassafe, ana yayyafi, gari ya yi sanyi. Ƙararrawa ta buga. Kamar yadda Atiku ya ji daga baya, babu wanda ya ruga. Maza suka fito ƙofar gida suna duban juna, kowa na jiran wani ya fara zama wawa. Kalilu ya hau jakinsa ya je ya gani da idonsa, ya tarar ruwa ya rufe farantan yana lasar gaɓa. Ya dawo yana kiran mutane da muryarsa, sannan aka fita. An toshe manyan madatsu a kan lokaci. Gonakin da ke can gangare sun tafi, sauran sun tsira.

Ranar kasuwa Kalilu ya biyo ta ofis da damin rake, ya ajiye a kan tebur inda ya taɓa zazzage buhu.

"Wanga karon ya hwaɗi gaskiya," in ji shi. "In ya yi haka baɗi, mu fara yarda da shi."

Malam Dikko ya ji daɗin labarin Ambursa, bai so a yawaita zancen Argungu ba. Ya ce a ajiye akwati na biyu sai ruwa ya janye, a kai wa Tamba tun da rani, shi da kansa zai raka su ya ba da haƙuri. Atiku ya ɗora akwatin a saman kabad, ya zauna ya ɓare rake, ya miƙa wa Silvanus gaɓa ɗaya ba tare da ya dube shi ba. Suka sha raken suna tofar da tuƙa ta taga, kowa da abin da ke cin ransa, har aka kira azahar Atiku ya tashi ya ɗauki buta.